Ka Bar Mana Jijiyar

Litinin, da hantsi

Yau ranar yanka ce. Na riga kowa zuwa ɗakin gwaji, na kunna fitilar kan tebur, na jera almakashi da hantsaki a kan farin ƙyalle, na haɗa ruwan maganin barci a kwano. Sunan dabbobin salamanda, amma tun ranar da Yaya ya zo kafa mana katakon da muke jera tankunansu ya raɗa musu ƙadangarun ruwa, ni kuma na zama Likitar Ƙadangaru. Farare ne sol, da geza ja-ja a gefen kai, da baki kamar kullum murmushi suke yi. Ka yanke wa ɗaya hannu, kafin ka ankara wani ya tsiro, har da yatsu.

Aikina ba shi da wuyar faɗa. Kowace dabba ina cire mata hannuwan gaba biyu. A kafaɗar hagu sai in tsaga fata in nemo jijiyoyi, ba na jini ba, waɗanda ke kai saƙo, farare sirara kamar zaren ɗinki, in datse su. Na dama in bar shi da jijiyarsa. Na daman zai yi toho, tohon ya zama hannu. Na hagun zai warke sumul, fata ta rufe shi, ya zauna dungu. Matsalar ita ce jijiya ba ta san an kore ta ba. Kwana kaɗan sai ta sake miƙowa, dole in koma in buɗe in sake datsewa. Abin da na yi ke nan yau har wuyana ya ƙage.

Anti, matar Yaya, ta kira ina tsakiyar aiki. Na kifa wayar. Da na gama ma ban juya ta ba.

Talata, da yamma

Ban je ba.

Laraba, bayan azahar

Umma ba a ƙin ɗaukar wayarta, don haka na ɗauka. Ta ce Yaya bai runtsa ba jiya ma. Ta ce ko zanin gado ne ya shafi bakin dungun hannunsa sai ya zabura kamar an jona masa wuta, yanzu ko fanka ba a kunnawa a ɗakin. An shiga wata na biyu tun abin da ya faru a shagonsa, ciwon ya warke, an cire zare, amma zafin ƙaruwa yake yi. Likita ya duba ya ce jijiyar da aka yanke ce ta dunƙule a bakin wurin ta yi ƙulli. Aikin ba babba ba ne, za a buɗe a datse ta can sama, a binne kanta cikin tsoka, ya samu lafiya.

Yaya ya ƙi. Ya ce wa likita ba wanda zai taɓa masa jijiya, Auta, wato ni, ta ce a bar mata.

Umma ta faɗi wannan da alfahari, wallahi har ina jin murmushinta ta waya. Ta ce ai ta gaya wa likitan 'yarta ma likita ce, aikinta ke nan tsirar da hannu. Ta tambaye ni saura yaushe. Na ce ana kan aiki. Ni da bakina na ce ana kan aiki.

Ta ce Yaya ya ce a gaishe da 'ya'yana na cikin ruwa.

Alhamis, da safe

Ba zan rubuta abin da na ce a asibiti ba. Ba yau ba.

Juma'a, da la'asar

Na ciyar da su tana, na sauya ruwa, na duba kowa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hannuwan dama duk sun fara toho, ɗan ƙullutu mai sheƙi kamar kan ashana. Na hagu shiru. Komai yana tafiya yadda littafi ya ce, Farfesa ya leƙo ya ce madalla.

Doguwa, wadda muke raba tebur da ita, ta ce na rame. Ta ce ko dai wani ne ya yaudare ni in faɗa mata sunansa ta je ta yi masa barcin da muke yi wa dabbobi. Na yi dariya don ta ƙyale ni. Ta san yayana ya yi hatsari, ba ta san wane iri ba. Ta yaya zan ce mata, muna tsaye a ɗakin da ake yanke hannu a jefa a kwalba kullum, muna hira muna cin biskit?

Asabar, da hantsi

To, bari in rubuta, ko na samu in haɗiye abinci.

Ranar da aka fito da Yaya daga tiyata, ɗakin cike yake da dangi. Ya buɗe ido, ya dubi inda hannun damansa yake a da, ya dube ni. Kafinta ne. Da hannun nan ya biya mini makaranta tun bayan rasuwar Baba, da shi ya ƙera teburin da nake rubutu a kai yanzu. Na kasa kallon bandejin, na kawar da kai. Ya gani. Don ya sauƙaƙa mini, shi da aka yanke wa hannu, sai ya ce, Likitar Ƙadangaru, ga aiki ya same ki har gida.

Ni kuma da ba na iya barin shiru ya zauna lafiya, na ce: “Kai dai ka bar mana jijiyar, Yaya, sauran aikinmu ne.”

Aka yi dariya. Umma ta ce amin. Ni wasa nake yi, ko kuma tsoro ne ya fito da kayan wasa, ban sani ba. Amma ba a banza ya riƙe maganar ba. Shekara da shekaru ina cika masa kunne a shago, yana goge katako ina zaune a kan benci ina zuba: in babu jijiya babu hannu, jijiya ce uwar tafiya, wata rana za a yi wa mutane. Ina jin daɗin yadda yake tsayar da aiki ya saurare ni, har ya kira maƙwabcinsa mai walda ya ce zo ka ji abin da ƙanwata ta gano. Ni ban gano komai ba, an san wannan tun kafin a haifi Umma. Ban taɓa gyara masa ba.

Baki shi ke yanka wuya, ni nawa na wani ya yanka. Tun daga ranar ban koma ba. Da aka sallame shi na ce ina da gwaji. Gaskiya ne ina da gwaji.

Lahadi, da magariba

Na yi wanka, na sa kaya, na saya wa Yaya lemo a bakin titi. Na zauna na shanye abina ɗaya bayan ɗaya.

Talata, bayan azahar

Mun yi baƙi, masu ba da tallafin bincike. Farfesa ya sa kwat a wannan zafin, ya zagaya da su, ya sa ni na ɗago dabba ɗaya su ga hannu biyu, mai toho da marar toho. Suka yi ta kaɗa kai. Wata mai tabarau ta yi tambayar da kowa ke yi: yaushe za a yi wa mutane? Farfesa ya yi murmushin nan nasa ya ce muna kan hanya.

Na sha jin wannan amsar, ban taɓa jin warinta ba sai yau. Muna kan hanya, haka ne, kamar yadda mai tafiya a ƙafa zuwa wata yake kan hanya. Bayan sun tafi ya cire kwat ɗin yana fifita da takarda, ya ce wa Doguwa wataƙila jikokin jikokinmu su gani. Shi ya san wa zai gaya wa wace magana. Ni ce wawuyar da ta ɗauki maganar baƙi ta kai gida.

Laraba, da yamma

Na hau mota na sauka a bakin layin su Yaya. Kafin a kai gidan sai an wuce shagon. A rufe yake, ƙurar katako ta taru a bakin ƙofa ruwa ya dame ta. Ta tagar gefe na hango allunan nan masu ruwan zuma jingine da bango, guda ɗaya an fara tsaga shi bai kai ƙarshe ba. Na san allunan. Ni na zaɓe su don ya ƙera mini kantar littattafai. Ni na yi ta kiran waya ina cewa littattafaina na zube a ƙasa, sai yaushe, ko sai na kai wa wani kafintan.

Mai walda ya ɗago gilashin fuskarsa ya gan ni, ya ɗaga hannu zai yi magana. Na juya kamar na manta wani abu, na tsallaka titi na hau motar da ta fara tsayawa, ko inda za ta ban tambaya ba.

Alhamis

Ban je ba. Yaya ya kira da kansa. Na zuba wa wayar ido har ta gaji.

Juma'a, da hantsi

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Ina neman jijiya a kafaɗar wata ƙarama sai na tsinke hanyar jini, madubi ya cika da ja. Doguwa ta ture ni ta karɓi hantsakin, ta tsayar da jinin. Dabbar ta farfaɗo. Na zauna ina kallonta a tanki tana wannan murmushin, na ji kamar in roƙe ta gafara, na ji kuma kamar in ɗauki tankin in rotsa.

Daga baya Doguwa ta ajiye mini shayi ta ce duk abin da nake gudu, a ƙafa nake, shi a mota yake.

Litinin, bayan azahar

Anti ta zo har wurin aiki. Mai gadi ya rako ta. Ban taɓa ganinta ba kwalli ba sai yau, idanunta sun faɗa. Ta gaisa da Doguwa, Doguwa ta tuna tana da aiki a wani ɗakin.

Ta bi tankunan ɗaya bayan ɗaya tana kallo, jakarta a ƙirji. Ta tsaya kan wata dabba da hannunta ya riga ya fitar da yatsu, ƙanana kamar na jariri, ta daɗe. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, likitan da zai yi aikin baƙo ne, yana zuwa ne lokaci-lokaci, Alhamis mai zuwa ce ranarsa ta ƙarshe, in ya tafi sai bayan watanni. Ta ce Yaya ya daina cin abinci a gaban yara saboda kar su ga yana cije leɓe. Ta ce ƙwayoyin rage zafin sun daina yi masa, ya fara ninkawa, ta ɓoye kwalbar ya yi mata tsawa, shi da tun da suka yi aure bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Sai ta juyo ta ce, “Auta, zai tsiro ko ba zai tsiro ba?”

Na fara. Na ce ai abin yana da matakai, fatar da ke rufe ciwon salamanda daban ce, ita ke amsa wa jijiya, ƙwayoyin jikinsu suna iya komawa baya, a mutum kuma tabo ne ke riga komai. Ina magana ina jin muryata irin ta Farfesa. Ta bar ni na kai aya.

“Eh ko a'a.”

Na ce a'a.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta gyara mayafinta ta ce ita ta sani tuntuni, ba ita za a gaya wa ba. Ta ce ta faɗa masa, likita ya faɗa masa, Yaya ya ce su ba fanninsu ba ne. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa kullum da yamma yana sa a juya masa kujera ta fuskanci ƙofar gida, wai iska yake sha.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Talata, da safe

Umma ta kira, Anti ta gaya mata komai. Na shirya wa faɗa, sai ta yi mini abin da ya fi faɗa ciwo, ta yi magana a hankali. Ta ce ta yi ta yawo da maganata gida-gida, yanzu da wane ido za ta kalli mutane, amma wannan ba komai ba ne. Ta ce ta san kunya ce ta hana ni zuwa, to kunyar me, ɗan'uwana ne, hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka... Sai ta tsaya. Ina jin numfashinta. Can ta ce in je kawai, ta kashe wayar.

Talata, da yamma

Na kai bakin ƙofar ɗakina da takalmi a ƙafa. Gobe.

Laraba, da magariba

Na je.

Kujerar tana inda Anti ta ce, tana kallon ƙofa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Dungun yana kan matashi, ya ɗan ɗaga shi kamar wanda ke riƙe da kofi cike da ruwan zafi. Da ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya ce a'a, yau ƙadangaru sun ba da hutu? Na durƙusa na gaishe shi. Anti ta kwashe yaran suka shiga ciki.

Na zo da jawabi a kaina, na tsara shi tun a mota. Ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na ce, “Yaya, ba zai tsiro ba. Ko an bar jijiyar, ko an yanke. Ba yanzu ba, ba a rayuwarmu ba. Ƙarya na yi maka.”

Ya dubi matashin. Sannan ya tambaye ni, a natse kamar yadda yake tambayata a shago, to ita jijiyar tasa me take yi a ciki da take hana shi barci. Na ce tsirowa take yi, irin ta dabbobina, tana miƙowa tana neman hannun. A jikinsu akwai abin da ke amsa mata su kama aiki tare. A jikin mutum babu, sai ta yi ta miƙowa tana naɗewa a wuri ɗaya har ta zama ƙulli. Ya gyaɗa kai ya ce ashe sallama take ta yi ba a amsawa. Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ce na sunkuyar da kai.

Na ce don Allah ya yarda a yi aikin gobe.

Ya ce, “Auta, ni ba yaro ba ne. Kwana nawa na yi ina sa rai, ba zan ɓoye miki ba, na sa. Daga baya na gane. Amma ke kika ce a bari, ke za ki zo ki ce a yanke. Da na yarda tun farko, yaushe zan gan ki?”

Ban san lokacin da na fara kuka ba, irin mai majina, ba na mutunci ba. Na fara cewa allunan nan, da ban matsa maka ba. Ya katse ni. Ya ce injin tsaga katakon ya fi shekara yana yi masa gargaɗi, murfinsa ya karye bai gyara ba, kafinta ne ya yi ganganci, ba mai littattafai ba. Ban yarda da shi duka ba, shi ma ya san ban yarda ba. Ya ce allunan suna nan, in ya warke zan zo shago, shi ne kai ni ce hannu, tunda na iya yanka zare a kafaɗar ƙadangare ba zan kasa bin layin fensir ba. Ya ce amma kantar za ta karkace, kar in ce shi ya yi.

Ya ɗaga murya ya kira Anti ya ce ta kira likita. Ta leƙo da wayar tuni a kunnenta.

Da zan tafi ya ce tafin hannun yana masa ƙaiƙayi, wanda babu. Ya nuna mini wurin a kan matashi, ɗan gaba da dungun. Na sosa matashin. Ya ce ƙasa kaɗan. Na sosa ƙasa kaɗan. Ya ce yawwa, Likita.

Alhamis, da hantsi

An shiga da shi. Umma tana jan carbi, Anti tana ninke mayafi tana warwarewa. Na aika wa Doguwa ta ciyar mini da dabbobin. Na san abin da ake yi a ciki filla-filla, tsagawa, nemowa, ɗagawa da hantsaki, datsewa. Sau nawa na yi shi ina sauraron rediyo.

Alhamis, da la'asar

Ya farka. Likita ya ce aiki ya yi kyau. Umma ta fita sanar da dangi, Anti ta je karɓo magani, aka bar ni da shi.

Ya kwanta shiru yana kallon sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Na tambaye shi ko da zafi. Ya girgiza kai.

Ya ce, “Ya yi shiru, Auta.”

Na ce me?

“Hannun.”

Na zaci murna zan gani. Sai ya juya fuskarsa bango, kafaɗarsa ta fara rawa. Tun ranar da abin ya faru, Anti ta ce, ba wanda ya ga hawayensa. Ashe zafin nan da muke ta roƙonsa ya rabu da shi, shi ne abin da ya rage masa na hannun, ni kuma na zo na ce a yanke.

Bakina ya buɗe zai yi abin da ya saba, ya nemo wasa, ya nemo alkawari. Na rufe shi. Na jawo kujera, na sa hannu biyu na tallafi dungun ta ƙasa, da bandejinsa da ɗuminsa. Yana da nauyi fiye da yadda na zata. Na dube shi sosai, ban kawar da kai ba.